Ɗan Farin Inna

Daminar bana ta cika shekara takwas da rasuwar yayana Haruna. Tun farko ina faɗa wa mai karatu, ba irin rubutun nan zan yi ba da ake jera wa mamaci kirki da haƙuri da zumunci, a shafa fatiha kowa ya koma harkarsa. A ƙasar nan duk wanda ya mutu mutumin kirki ne, ni dai ban taɓa zuwa ta'aziyyar mugu ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, mafi yawan shekarun nan na yi su ina jin ana ba da labarin mutuwar Haruna a gidajen biki da na suna, kuma ba don shi ake bayarwa ba. Don a yabi mahaifiyarmu ake bayarwa. Har a Kabo, inda nake aure, na taɓa jin wata mata da ba ta san ni ƙanwarsa ba ce tana cewa, "Akwai wata baiwar Allah a Kutama, ɗanta na fari aka fitar a makara, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Ai irinsu sun ƙare." Matan wurin suka riƙa gyaɗa kai kamar an yi musu wa'azi. Ni kuwa na ture kwanon gabana, don abincin ya fita raina.

Mu mutanen Kutama ne, a ƙasar Gwarzo. Kakanninmu makiyaya ne. Fulatanci ya bar bakinmu tun zamanin kakata, shanu suka ragu har muka koma manoma kamar kowa, amma abu ɗaya ya zauna daram, wato kunyar ɗan fari. Wanda bai tashi a cikinta ba zai ɗauka ɗan kawaici ne kawai. A gidanmu doka ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane, ba ta shiga ɗakinsa. Ana yaye Haruna aka ɗauke shi aka kai wa kakarmu ta wajen uba a Mainika. Can ya girma. Sai da ta rasu ya dawo gida, ya riga ya zama saurayi, ya shigo gidan uwarsa kamar baƙo. Bai daɗe da dawowa ba Baffanmu, wato mahaifinmu, shi ma ya rasu, nauyin gida ya hau kansa.

Mu muna ce mata Inna, shi kuwa Adda yake ce mata, yadda ƙannenta suke kiranta. Ita kuma ba ta da wani suna gare shi sai "yayanku". Yana tsaye a gabanta za ta juyo wurina ta ce, "Rabi, ki ce wa yayanku akwai fura a ɗaki." Shi kuma ya ƙunshe dariya ya ce, "Rabi, ki ce mata na ji, an gode." Ni ce wayar da ke tsakaninsu tun ina ƙarama. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Ni nake kai masa tuwo, na kuma san a ƙarƙashin malmalarsa Inna take ɓoye man shanu, inda idon kowa ba zai gani ba. Haka soyayyar uwa ta koma abin sata a gidanmu.

Haruna mutum ne mai raha, ga tsokana. Da damina yana gona, da rani kuma yana acaɓa tsakanin Gwarzo da Kabo. Wata ranar kasuwa ya ɗauko amininsa Sule a baya, tayar gaba ta fashe, suka faɗi. Sule ya bugu a ka, nan take ya cika. Haruna ya tashi da 'yar ƙujewa a gwiwa. Kowa ya shaida ba ganganci ya yi ba, iyayen Sule ma da bakinsu suka ce sun yafe. Shi ne bai yafe wa kansa ba. Ya jingine babur a zaure har kaji suka mayar da shi wurin hawa. Ya daina zuwa majalisa, ya daina dariya, in ya ji hon sai jikinsa ya ɗauki rawa. Abinci sai a kai a dawo da shi yadda yake.

Da farko mutanen gari sun yi abin da suka saba, kowa ya leƙo ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Da suka ga haƙurin bai zo a lokacin da suka yanka masa ba, sai suka gaji. Abokansa na majalisa, waɗanda ya sha kai wa unguwa a bayan babur ɗinsa, su ne suka laƙaba masa Mai Takaba, wai ya shige ɗaki kamar matar da mijinta ya mutu. In ya fito masallaci sai wani ya ɗaga murya, "A'a, Mai Takaba, an fita ke nan? Yaushe za a yi walima?" A kwashe da dariya. Wasu suka ce fatalwar Sule ce take binsa, wasu suka ce sammu ne, wasu suka rantse ƙwaya yake sha. An kawo rubutu, an kawo turare, an kawo saiwa iri-iri. Abin da ba a kawo ba shi ne mutum ɗaya da zai shimfiɗa tabarma kusa da shi ya ce, Haruna, me ke cin ranka?

Mutum ɗaya tilo da take so ta yi masa wannan tambayar, ita ce aka ɗaure wa baki.

Da damina ta kankama zazzaɓi ya kama shi. Zazzaɓi ne irin wanda ake zuwa asibiti a dawo, amma wanda ya riga ya saki rayuwa ba ya neman magani. Kawunmu ya yi faɗa, ya ce namiji ba ya haka. Na yi kuka, na yi magiya, ya ce in ƙyale shi. Inna ta kira ni bayan rumbu, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ki ce wa yayanku ya tashi a kai shi Gwarzo. Ki ce masa ina so ya warke." Na je na faɗa masa yadda ta faɗa. Ya dube ni, ya yi wani guntun murmushi, ya ce, "Rabi, ke ce kika ce. Adda ba ta irin wannan maganar." Ya juya fuskarsa bango. Shekara da shekaru ana aiko masa da saƙon fura da na itace, ina zai yarda cewa ta wannan hanyar za a aiko masa da saƙon so?

Na koma na gaya wa Inna. Da la'asar ta dama koko, ta ɗauki kofin da hannunta, ta nufi ɗakinsa. A rayuwata ban taɓa ganin ta nufi ƙofar nan ba. Goggo Hansai, ƙanwar Baffanmu, tana zaune a tsakar gida da maƙwabta biyu suna tsinke zogale. Tana ganinta ta saki reshen da ke hannunta.

"A'a, Kulu! Ina zuwa haka? Yau kuma ɗan fari za a yi wa tawai?" Ta juya wurin matan. "Ku miƙo mata zani mana, goya shi za ta yi."

Suka bushe da dariya har da tafa hannu. Inna ta tsaya cak, saura ƙiris hannunta ya taɓa labule. Sai ta juyo ta miƙa mini kofin, ta wuce wurin awaki kamar dama can za ta. Ba ta sake gwadawa ba. Ranar da aka ɗauki Haruna zuwa asibiti bai san inda kansa yake ba, likita kuma ya ce an makara. Ban ce Goggo ce ta kashe shi ba, rai na Allah ne kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma na san yayana bai taɓa ƙin bin maganar Inna ba, ko wadda aka aiko. Da ya ji ta daga bakinta, da ya tashi. Dariyar mata uku ce ta tsaya a tsakaninsu, kuma har gobe in na ji irin wannan dariyar a tsakar gida sai in tashi in bar wurin.

Ranar jana'iza ita ce ranar da na tsani taron mata. Gida ya cika, amma rabin waɗanda suka zo ba ta'aziyya ce ta kawo su ba, fuskar Inna suka zo kallo. Ina jin raɗe-raɗinsu: za ta yi ko ba za ta yi ba? Sai ka ce dambe ake kallo. Da aka ɗaga makara, Inna ta miƙe ta ɗauki taɓarya ta hau dakan geron gumbar sadaka. Tana daka, fuskarta a bushe, jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Goggo Hansai kuwa, wadda ba ta taɓa leƙa shi yana kwance ba, ita ce ta faɗi tana birgima, sai da aka yayyafa mata ruwa. Ita an ba ta izinin kuka, don ɗan wanta ne. Wadda ta ɗauki cikinsa, ta yi naƙudarsa, an ba ta turmi. Daga ranar yabo ya fara: Kulu ta yi kara, Kulu ta nuna asali.

Masu yabon ba sa kwana a gidanmu, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Inna mace ce mai jiki, a shekarun nan ta zube ta koma kamar sillen kara. Barci ya ƙaurace mata, hawan jini ya kama ta. Kullum da yamma sai ta ɗauki lauje ta ce za ta yankan ciyawar awaki, ta dawo da 'yar ciyawar da ba ta cika hannu ba da idanu jawur, ta ce wani abu ne ya faɗa mata a ido. Bara ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Malamar asibiti ta tambaye ta, "Mama, tunanin me kike yi haka?" Ta ce babu komai, alhamdu lillahi. Malamar ta ja ni gefe ta ce in ba a san yadda aka yi abin da ke ranta ya fito ba, faɗuwa ta gaba ba lallai ta tashi ba. Na fito ina jin kamar in shaƙe wani. An binne mini wa, ga shi ana haƙa wa uwata kabari da yabo.

Wani lokaci ina tambayar kaina, da Haruna zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga masu ce masa Mai Takaba sun yi aure sun yi tumbi, duk shekara kuma suna ɗora hotonsa a waya, da rubutun Allah ya jiƙan aminina da 'yan hotunan hawaye a jere. Na san dariya zai yi, ya ce in tambaye su ko takabar ta ƙare ne. Zai ji gidajen rediyo yanzu suna maganar ciwon damuwa, samari ma sun iya faɗin sunan ciwon da Turanci. Sai kuma ya ji akwai wani matashi a Unguwar Tudu da ya shige ɗaki tun da gobara ta cinye shagonsa, an riga an samar masa nasa sunan tsokanar. Sunan ciwon kawai muka koya, hali yana nan.

Zai kuma yi mamakin yadda kunya ta ƙare a ko'ina sai a wuri ɗaya. Matan da suke gadin kunyar ɗan fari ba sa jin kunyar cin naman maƙwabciya da rana tsaka. Ba sa jin kunyar buɗe lefen 'yar mutane suna kushe atamfa a gaban uwarta, ko su cika leda da abincin gidan mutuwa. Duk wata kunya da za ta takura musu sun yar da ita a bola. Wadda suka riƙe gam ita ce wadda wata ke ɗaukar nauyinta su kuma suna kallo.

Na san abin da manya za su ce: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sun ce an yi al'adar ne don kada ɗan fari ya sangarce, don ya zama ɗan dangi ba ɗan ɗaki ba. To, na ji. Ina dangin suke lokacin da ɗan nasu yake kwance fuska a bango? An karɓe shi daga hannun uwarsa da sunan ɗa na kowa ne, da ciwo ya zo sai ya zama ba na kowa ba. Kada kuma wani ya jingina abin da addini. Ko a Islamiyya an karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa ya rasu, yana kuma sumbatar jikokinsa a gaban jama'a. Wace ce Goggo Hansai da za ta fi shi sanin mutunci? Ni ba gaba nake da kunya ba, ina rusuna wa manya, ban taɓa kiran sunan surukina ba. Amma kunyar da za ta hana uwa ta ce wa ɗanta tashi ka sha magani, a kai kasuwa.

Bana Allah ya ba ni haihuwar fari. Na je goyon ciki Kutama kamar yadda aka saba, na haifi namiji. Na roƙi maigidana ya sa masa Haruna, ya ce ya ba ni. Ran suna, maimakon in lulluɓe fuska in kawar da kai kamar ba ni na haife shi ba, na zauna a tsakiyar ɗaki na rungume ɗana ina ba shi nono. Goggo Hansai ta shigo, ta tsufa amma bakin yana nan da kaifinsa.

"To, tun da an mayar da sunan marigayi, sai a riƙa ce masa Magaji," in ji ta. "Ka ga Kulu ta samu abin kira, ke ma kin samu."

Na ce, "Goggo, Haruna liman ya raɗa masa. Wanda bakinsa ba zai iya ba, ya bar mini ɗana."

"Ke Rabi! Ɗan farinki ne fa! Yau na ga fitsarar 'yan boko. Ko tsoron Allah ba kya ji?"

"Shi nake ji, Goggo, shi ya sa."

Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa 'yar Kulu ta zubar da mutuncin gidansu. Inna ta yi fushi da ni sosai, ta yi kwanaki ba ta ce mini komai sai abin da ya zama dole. Jaririn kuwa "angona" take ce masa, irin wasan kaka da jika, ta kewaye sunan kamar mai kewaye rijiya. Ni kuma ina sane nake cika gidan da shi: Haruna ya tashi, Haruna ya ƙoshi, Inna karɓi Haruna. Duk lokacin da na faɗa sai in ga kafaɗarta ta motsa. Wasu sun ce mugunta na yi wa tsohuwa. Mai ciwon ƙurji ma yana cewa mai matsa masa mugu ne.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibiya. Kafin mu yi arba'in, wata safiya Inna tana yi masa wanka a ɗakina, ruwa ya shiga masa hanci, ya ƙware, ya tsandara kuka har ya shiɗe. Ta ɗauke shi ta kifa a ƙirjinta tana bubbuga bayansa, hankalinta a tashe. "Yi shiru, yi shiru, ɗan albarka, yi shiru, Haruna." Sai ta tsaya. Ita ma ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana abu. A na uku ba jaririn take kira ba. Ta durƙushe a gefen baho ta saki wani irin kuka da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, tana kiransa, tana cewa ya yafe mata, ta zo har bakin ƙofa, wallahi ta zo. Na karɓi ɗana na goya shi, na ja ƙofa, na tsaya a waje. Ban ce mata ta yi haƙuri ba. Haƙurin ya isa haka.

Maƙwabta suka fara leƙe ta kan katanga. Goggo Hansai ta shigo da sauri, mayafi a hannu. "Lafiya? Wa ya mutu?"

Na ce, "Haruna ne ya mutu, Goggo. Yau uwarsa ta samu labari."

Ta juya ta fita. Ban matsa daga ƙofar ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kukan ya lafa da kansa.

Yabo ya ƙare daga ranar. Yanzu abin da ake faɗa a Kutama shi ne tsufa ya fara taɓa Kulu, ta fara ruɗewa, ko kuma 'yarta ta ɓata ta. Bakin da ya ɗaga ta sama don ta ƙi kuka shi ne yake mata kallon mai taɓin hankali don ta yi. Su ƙarata. Ba zan ce ta warke ba, tana nan tana shan maganin hawan jini, amma tana barci, tana cinye tuwonta, kuma ta fara magana. Kwanan baya da na je gida ta zaunar da ni ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ranar da aka ɗauke shi zuwa Mainika yana ɗan yaye, ta ce za ta itace, ta bi bayansu daga nesa tana laɓewa a jikin bishiyoyi, tana jiyo kukansa, har suka ɓace mata. Ta dawo gida ta shiga hira da mata kamar ba komai, nono yana zuba a rigarta.

Haruna bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, gonar da ya nome ma an raba. In aka auna da ma'aunin mutanen garinmu, babu abin da ya bari. A nawa ma'aunin ya bar suna a bakin uwarsa, sunan da bai taɓa ji daga gare ta ba yana raye. Ya bar ɗan fari guda ɗaya a danginmu da zai tashi a cinyar uwarsa, ya ji ana kiransa kai tsaye ba a aiko masa da saƙo ba. Allah ya jiƙan Haruna da amininsa Sule, ya yalwata musu makwanci. Wanda yake da niyyar yi wa Inna ta'aziyya ta gaskiya, ƙofa a buɗe take, bana ta fara zaman makoki. Mai zuwa kallon fuska kuwa ya yi zamansa a gida.